Baƙin Ɗigo a Jinin 'Yata

Ko da zan manta komai a rayuwata, ba zan manta ranar da na leƙa cikin jinin 'yata ba. Lokacin shekarunta shida, muna zaune a Kagarawal, ni kuma ina harkar wake a kasuwar hatsi. Allah ya yi ni da taurin kai, a wancan zamanin kuwa gani nake babu abin da ban sani ba.

Da damina zazzaɓin cizon sauro ya kama ta, aka ba ta maganin kwana uku. A rana ta biyu jiki ya yi sanyi, ta tashi tana wasa, sai na ce wa mahaifiyarta ta ajiye sauran, wai yawan magani yana shanye jini. Ta so ta yi musu, na rufe mata baki. Bayan mako biyu yarinya ta ɗashe, tafin hannunta fari fat. Na shiga ɗura mata zoɓo da ruwan karan dafi, duk wani abu ja dai, wai jini zai dawo. Kullum ƙara langaɓewa take yi.

Ranar da ta kasa tsayuwa muka ɗauke ta a keke napep zuwa asibiti. Aka ɗebi jini. Na kasa zaune na kasa tsaye, in leƙa tagar ɗakin gwaji, in koma wajen yarinya, in dawo. Na ishi matar da ke gwajin da tambaya har ta ce, "Malam, zo ka gani da idonka, ko ka bar ni in yi aikina."

Na sa ido a na'urar da take duba jinin da ita, mai ƙara girman abu. Ga ƙwayoyin jini birjik, wasu da ɗan zobe a ciki, wasu da baƙin ɗigo.

"Zoben nan shi ne cutar," in ji ta. "Cikin jar ƙwayar jini take shiga ta ɓuya, tana haɗiye sinadarin da ke sa jini ja, da shi take gina jikinta. Har 'yan ƙofofi take buɗewa ta jawo abinci daga waje. Baƙin nan ragowar abin da ta ci ne, guba ne a gare ta, shi ya sa take dunƙule shi gefe. In ta hayayyafa sai ta fasa ƙwayar, 'ya'yanta su faɗa cikin wasu."

Na ce, "Kamar ƙwaron wake ke nan. Waje lafiya, ciki gari."

"To ka ma fi ni sani. In buhu ya yi ƙwaro, sabon wake kake ƙara masa, ko ƙwaron kake fara kashewa?"

Kunya da tsoro suka rufe ni. Likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara mata a ranar. Allah ya taimaka nawa ya yi daidai. Ina kwance ana ɗiba, ina ta kiran sunan Allah kada ya kama yarinya da wautata.

Ta tashi, alhamdulillahi, yanzu ma tana sakandare. Abin da na koya shi ne, sanyin jiki ba shi ne warkewa ba, magani sai an shanye shi tas. 'Yan ƙwayoyin maganin da na hana ta, ni na biya da leda ɗaya ta jinina, ita kuwa saura kaɗan ta biya da ranta.