Jar Alama a Kwalbar Iya

Shekara ashirin da biyu Iya ta yi tana goge daɓen sashen duba hanji a wani asibiti. Ta kama aikin ne bayan rasuwar mijinta, da yara uku a gabanta. Ba ta iya karatu ba, amma ta san al'adar wurin: duk kwalbar da aka manna wa jar alama kafin a kai ta ɗakin gwaji, mai ita yana cikin matsala. Ta sha ganin irinsu sun dawo a keken marasa lafiya. Wasu ba su dawo ba.

Bana ta fara ganin jini a bayan gidanta. Wata huɗu tana ɓoyewa, sai da Sista, babbar nas ɗin sashen, ta kama ta jingine da bango tana haki. Sista ta kai ta wurin likita. Aka ba ta ruwan wanke ciki, ta yini tana zarya zuwa ban ɗaki. Washegari ta kwanta a gadon da ta saba canja wa zani, aka zura mata bututu mai kyamara. Likita ya ga tsiro kamar kan ɗan yatsa, ya cire, ya jefa a kwalba.

Da ta farfaɗo, kwalbar tana kan tire, da jar alama a jikinta.

Ba ta tambayi kowa ba. Bayan kwana biyu ta koma aiki. A gida ta raba wa 'ya'yanta mata tukwanenta, ta ba maƙwabciya kajinta shida.

"Iya, tafiya za ki yi ne?" in ji babbar 'yarta.

"Ɗakin ne ya cika da tarkace."

Rana ta goma likita ya kira ta ofis. Ya ce tsiron ba kansa ba ne, amma irin wanda kan rikiɗe ne in an bar shi. An cire shi duka. Za a sake dubawa bayan shekara uku.

"To jar alamar fa, Likita?"

Sista, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta ɗora hannu a ka. "Haba Iya! Ni na manna, don kada kwalbarki ta daɗe a layin gwaji. Ke tamu ce. Shi ya sa kika daina yi mana faɗa kan takalma?"

"Wanda zai tafi ina ruwansa da sawun takalma, Sista?"

Iya ba ta yi dariya ba. Ta daɗe a kujerar tana murza gwiwa, sannan ta tambaya ko ruwan nan mai tada zuciya za ta sake sha in lokacin ya yi. Likita ya ce shi ɗin ne.

Tukwane sun dawo, ban da babbar. Kaji kuwa, maƙwabciya ta riga ta yanka huɗu. Ranar Litinin Iya ta cika bokiti, ta fara daga ƙarshen baranda, tana mita kan sawun takalma.