Kujeru Biyu a Bayan Rumbu

Duk lokacin da aka yanka katakon maɗaci a wurin aikinmu, ƙamshin nan mai ɗaci-ɗaci ya tashi, sai in ga kaina a bayan rumbun kakana, a ƙauyenmu kusa da Fagam. Kada ka ɗauka tunanin daɗi ne zalla. Akwai abin da na yi a wurin wanda har yau nake juya shi a raina.

Kakana masassaƙi ne, a hannunsa na tashi tun rasuwar mahaifina. Turmi, akushi, ƙota, kujerar tsakar gida, duk daga gungume ɗaya yake fitar da su da gizago. Shekarar da na gama firamare, lokacin da arzikin mai ya sa ana ta gine-gine a birane, wani malamin kafinta ya zo daga Birnin Kudu a kan babur. Ya ce an buɗe wurin koya wa samari aikin katako, wanda ya ƙware za a kai shi masana'antar kujeru a Kano. Bayan girbi zai dawo ya rubuta sunaye.

Mutanenmu ba su yarda da rubuta suna ba. Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, kuma akwai gidajen da aka rubuta sunan ɗansu bai dawo ba. Wasu suka ce leƙen manyan itatuwanmu ya zo yi. Ni ma na ƙi haɗa ido da shi, alhali raina duk yana kan tafiyar.

Kakana kuwa ba mutumin ya tuhuma ba, kujerar da ya kawo ta nuni ya tuhuma. 'Yar ƙarama ce, an fafe rami an cusa kowane katako cikin ɗan'uwansa, babu ƙusa ko ɗaya. Ya juya ta, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa.

"Malam, guda nawa ka haɗa a nan?"

"Tara ne, Baba."

"Tara, kowanne da ranar tafiyarsa. Bar mini ita ta yi damina a waje tare da tawa. In ta kai girbi ba ta rabu ba, ka ɗauki yaron."

Haka aka jera su a bayan rumbu. Ruwan farko da ya sauka, na kasa cin tuwo. Kullum da safe sai in je in girgiza ƙafafun kujerar malamin, in ji kamar ta fara motsi, in dawo in sake girgizawa. Da ruwa ya kankama, na ɗauko wata tsohuwar fatar saniya. In na ga hadari kafin in tafi gona sai in lulluɓe ta malamin, in bar ta kakana a fili. In na dawo in janye. Na san ha'inci ne. Ko a sallah sai fatar nan ta faɗo mini a rai.

Ranar da malamin ya dawo, an ɗaure dawa, kakana ya zauna a kan kujerar malamin ya jijjiga ta da ƙarfi. Ko ƙara ba ta yi ba. Malamin ya zaro biro. Ni kuwa na durƙusa na faɗi duk abin da na yi, na san kuma tafiyata nake rusawa.

Kakana ya dube ni ta gefen ido.

"Kai da ko kaza ba ka iya ɓoye wa hatsi? Kana juya baya nake yaye fatar. Ta sha ruwanta tsaf. Rubuta shi, Malam, kafin ya tuno wani laifin."

Sai da na yi wata guda a Birnin Kudu ina koyon riƙe zarto, sannan abin ya faɗo mini. Sau uku ko huɗu na dawo daga gona na tarar da dutse a kan fatar, an danne ta don kada iska ta ɗage. Ni ban taɓa ɗora dutse ba. Na yi ta niyyar tambayar kakana, ina jin nauyi, har Allah ya karɓi abinsa. Saboda haka in ka tambaye ni ko kujerar nan ta ci gwajin, ban sani ba, ga shi a kanta na gina duk rayuwata.

Yanzu ni nake koyarwa. Katakon ma ya canza, wani garin katako ne aka matse da gam, ruwa na taɓa shi ya kumbura, ban yarda da shi ba. Duk yaron da ya haɗa kujerarsa ta farko, a bayan shago take yin damina, kuma ina zagayawa in duba, don na san halin yara. Bara na tarar an rufe ɗaya da leda, iska tana ta kaɗa gefenta. Na daɗe a tsaye a kanta. Daga nan na waiga hagu da dama, na sunkuya na nemo dutse.