Kwabban Inna

Shekara da shekaru Inna tana ba mu labari guda: wai tana yarinya mai tallar ƙosai ta tara kwabbai masu huda, ta zira su a igiyar kaba, ta binne a gindin tsamiyar tsohon gidansu da ke kusa da Birnin Tudu, da ta koma ba ta same su ba. Da farko muna dariya. Da ta fara maimaita shi sau uku kafin azahar, sai muka soma kallon juna. Kawu, yayanta, shi ya fara furta kalmar: ruɗin tsufa. Har mun yi shawara a ɓoye cewa bayan girbi za a karɓe makullin rumbu daga hannunta. Ni ma da bakina a ciki, kuma har yau abin yana ba ni kunya.

Ana nan sai ga ƙanena ya dawo daga wajen Maradun da na'urar neman zinare. Sa guda ya sayar ya saye ta, bai samo ko ƙwayar gero ta zinare ba, dajin kuma ya ƙi shiguwa saboda 'yan bindiga. Inna ta dubi abin, mai kama da faifai a bakin sanda, ta ce, "Wagga aba tana jin ƙarhe ƙasa? To mu tahi."

Na taso daga Talata Mafara don in ga ƙarshen zancen. Kawu ma ya biyo mu da sandarsa, wai ya zo kallon wahalar banza. Gidan ya daɗe da zama gonar dawa, tsamiyar kaɗai ta rage. Muka zagaye gindinta, na'ura na ta tsuwa, muna ta tono: murfin gwangwani, ƙusa, guntun lauje. Tausayin Inna ya kama ni.

Mun juya za mu tafi, ƙanena na jan na'urar a ƙasa don haushi, sai na'urar ta tsala ihu, taku kamar ashirin daga tsamiya. Da aka tona, sai ga wani dunƙule kore shar, kwabbai sun manne da juna kamar waina a tanda.

"Nan ɗakina yake!" in ji Kawu, har yana jefar da sanda. "Nawa na. Ni na aje su tun ina saurayi."

Inna ba ta ko dube shi ba. Ta ce kowane kwabo nata sai da ta goga gefensa a kaifin dutsen niƙa, ta yi masa tsaga biyu. A wanke a gani.

Ni aka ba wankin, ni kuwa ba ni da haƙuri. Da muka isa gida a Bakura, na ɓamɓaro guda, na sa masa yashi da soson ƙarfe kamar gindin tukunya. Ya yi ƙyalli kam, amma gefen ya suɗe sumul, ba tsaga ba alamarta. Kawu ya karɓa, ya juya shi a rana, ya ce, "Kun gani ko?"

Da hannuna nake shirin goge wa uwata gaskiyarta.

"Ke dai ba ki iya komi sannu," in ji Inna. Ta sa na jiƙa tsamiya a kwano, muka zuba sauran, ta hana kowa taɓawa sai da suka kwana biyu. Ruwan ya koma kore, kwabban suka rabu da kansu. Ta zauna a tabarma da toka a murfin kwano, tana murza guda da babban yatsa, a hankali kamar mai shafa wa jariri mai. Tauraron da ke jikin kwabon ya fito, hudar ta buɗe. Sai ta miƙo mini ta ce in bi gefen da farce, don idonta ba ya gani sosai.

Farcena ya faɗa tsaga, ya fita, ya sake faɗawa wata. Na biyu ma haka, na uku ma. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, ga hawaye.

Kawu ya daɗe yana susar gemu. Can ya ce shi dai ya tuna ya taɓa canja wa wasu kwabbai wuri, don kada ɓarayi su gani, daga baya ya manta inda ya sa.

"Yaya," in ji Inna, "shekara saba'in kana mantuwa, amma ni anka ce ma ruɗewa?"

Ta zira kwabbanta a sabuwar igiya, har da wanda na suɗe. Sannan ta kwance makullin rumbu daga bakin zanenta, ta zira shi tare da su, ta ƙulle, tana kallona. Ashe duk shawarar da muka yi a ɓoye ta ji.