Allon da Haruffansa Ke Dusashewa

Shekara talatin Inna tana wanki da guga, kuma a farin kaya ta yi suna. Da wannan sana'a ta karantar da 'yarta har ta zama nas a asibitin ido. Ko 'yan haruffan da Inna ta sani, a wuyan rigunan mutane ta koye su, wurin sa alama don kada kaya su cakuɗe.

Bara ne ƙorafi ya fara. Wannan ya dawo da riga da tabon shayi, wancan da shatin gumi a hammata. Inna ta yi ta rantsuwa ba ta gan su ba. Nas ta kai ta asibiti, ta zaunar da ita gaban allon nan mai baƙaƙen haruffa, Inna ta karance shi tas har ƙananan ƙasa.

"Idonki garau yake, Inna," in ji nas, a gaban abokan aikinta. "In wankin ne ya ishe ki, ki fito fili ki faɗa mana."

Aka yi dariya. Masu kawo wanki kuma suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Bana aka kawo wani sabon allo. Haruffansa manya ne, girmansu ɗaya, sai dai launinsu na dusashewa layi bayan layi, daga baƙi wuluk zuwa toka-toka, har ya kusa sajewa da takardar. Likita ya yi bayani cewa akwai idon da ke ganin ƙaramin abu sarai, amma ya kasa raba abu da abin da ke bayansa in launinsu ya yi kusa. Nan take nas ta tuna da tabon da Inna ta rantse ba ta gani ba.

Washegari ta kawo Inna. Layin farko ya wuce, na biyu ma, na uku da ƙyar.

"Ci gaba, Inna."

"Ai ya ƙare, 'yar nan. Sauran farar takarda ce."

Layi biyar ne suka rage, nas tana kallonsu ƙarara. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da ta sa farar riga. Ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, amma Inna ta riga ta.

Inna ta sake duban allon. Ta gyara zama, ta goge idonta da gefen mayafi.

"Na ɓata ne? Bari in sake gwadawa, kada in ba ki kunya a wurin aikinki."