Ƙarfin Taki Bai Fita Ba

Ni ban yi boko mai nisa ba. A aji huɗu na aje allo da alli na koma fadama. Abin da na sani game da Amurka bai wuce abin da rediyo ke faɗi ba, wato jiragen yaƙi da shugabanni masu yawan magana. Ban taɓa zaton labarinsu zai shigo har zaurena ba, sai ranar da ɗiyata ta fari, wadda ke koyar da tarihi a wata sakandare cikin Birnin Kebbi, ta zo gida Ambursa da takardun ɗalibanta tana dubawa. La'asar ce, ina ɗinke bakin buhunan kashin tattabara da zan kai gonar albasa.

Ta toshe hanci ta ce, "Baba, wanga warin har unguwar Nassarawa, can Birni, ana jin shi."

Na ce, "Shi ya kai ki makaranta. Ki gaishe shi."

Ta yi dariya. Can ta ɗago kai ta ce, "Ka san da irin shi Amurka ta fara cin ƙasa a ƙetaren teku?"

Na ce ta bar yi mini wasa. Ta ce wallahi gaskiya ce. Wai tun zamanin kakannin kakanninmu gonakinsu suka gaji, ƙasa ta daina ba su abin da suka saba samu. Sai aka gano wasu tsibirai a tsakiyar teku inda tsuntsaye suka daɗe suna kashi, har ya taru ya yi tudu. Sai suka yi doka cewa duk ɗan ƙasarsu da ya tarar da irin wannan tsibiri ba mai shi, ya kafa tuta, gwamnati na bayansa. A cikin dokar har sun ce in an kwashe kashin, ba dole ne su ci gaba da riƙe wurin ba.

"To, sun saki?"

"Sun saki wasu. Wasu har gobe suna hannunsu, ga kashin ya ƙare tun tuni."

Ta ce daga nan hannu ya saba. Jiragen ruwansu na son wurin tsayawa su ɗauki gawayi, sai a kama wani tsibiri. Daga tsibiran tsuntsaye aka koma masu mutane, har da wata ƙasa mai sarauniyarta. Wata ƙasar kuma, ta masu noman shinkafa irinmu, taimako suka ce sun zo yi a kori wanda ke mulkinta. Da aka kore shi sai suka zauna.

Ta koma kan takardunta. Ni kuwa basilla ta tsaya a hannuna. Ban sani ba ko da gangan ta ba ni labarin, kuma har yau ban tambaye ta ba.

Gonar da zan kai wa buhunan nan ba tawa ba ce. Ta taubashina ce, ɗan kawuna. Tare muka tashi, kuma tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka ni bawansa ne. Ko a gaban surukaina sai ya ce, "Kai bawa, ɗauko mini takalmi." Ni kuma in ce ban taɓa ganin ubangida mai wando ɗaya ba sai shi. Duk inda muka haɗu sai mutane sun matso su sha dariya.

Wata shekara ya faɗi a kabu-kabu, ƙafarsa ta karye wuri biyu. Aka kai shi Argungu wurin mai ɗori, inda dangin matarsa suke. Da na je duba shi ya ce, "Bawa, ka riƙe mini gonar bakin fadama kada ciyawa ta cinye ta. In na miƙe in karɓa." Na ce to. Kuma Allah ya sani, a ranar taimako na yi niyya.

A wajenmu aron gona yana da ƙa'ida. Ba ka dasa itace a gonar aro. Amma in ka zuba taki, mai gona ba zai karɓe ta ba sai ka ci ƙarfin takinka, kamar shekara uku. Don kada a cuci mai aro aka yi hakan. Na zuba taki a shekarar farko saboda ƙasar ta gaji da gaske. Albasa ta yi kai irin wanda ban taɓa gani ba. Da damina shinkafa ta biyo baya.

Shekara biyu ya dawo da sanda yana ɗingishi. Na ce, "Ai ƙarfin taki bai fita ba." Ya yi dariya ya ce, "Ci, bawa. Yunwa anka haife ka da ita. Baɗi ina nan tahe."

Kafin baɗin nan na sake zuba taki. Da rana tsaka na yi, jaki da mangala, kowa na gani. Na ce wa kaina albasa ce ke so. Da ya zo, ya duƙa da ƙyar ya ɗebi ƙasa, ya murza, ya sunsuna. Ya dube ni ya ce, "Sabo na wanga." Na ce kaɗan ne. Ya kakkaɓe hannu ya ce, "Shekara uku ke nan kuma." Ya ɗan yi murmushi, amma bai ce bawa ba.

Da ya kai ni gaban dattawa da sun karɓar masa. Sai dai taubashi ba ya kai ƙarar taubashi, abin kunya ne, ni kuma na san da haka. A kan wannan na jingina. Duk shekara in zuba. Na haƙa rijiyar tiyo, na sa injin ban-ruwa, na kafa rumfa don injin. Da tiyo ya buƙaci hanya, na shiga ɗan zirin da ya rage wa matarsa, inda take shuka yakuwa. Ban taɓa cewa gonar tawa ce ba, ko sau ɗaya. In an tambaye ni sai in ce riƙo nake. Shi kuwa ya zauna Argungu ya kama sayar da bandar kifi. Shekara goma sha ɗaya.

Kwana biyu bayan maganar ɗiyata na shiga mota zuwa Argungu. Na same shi a rumfarsa yana juya kifi a kan ragar banda. Ya rame, furfura ta cinye gemun. Da ya gan ni ya yunƙura zai tashi, ya ce, "Malam, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya iyali?" Ya shimfiɗa mini tabarma mai kyau, ya zuba mini ruwa a kofin baƙi. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Na ce, "Gonarka na zo maido maka."

Ya ci gaba da juya kifi. "Bana ka zuba?"

"Ban zuba ba. Buhunan na nan zaure."

Ya miƙe ƙafar nan, wadda ta warke a karkace, ya ɗora hannu a gwiwa. "Lokacin da nika iya duƙawa na tambaye ka. Yanzu ko sallah zaune nika yi. Babban ɗana keke yake ja a Birni, ƙaramin bai san yadda aka riƙon kalmen noma ba. Mi zan yi da ita?"

Na ce ko me zai yi, tasa ce.

Ya ce, "To, ka faɗi gaban dattawa a shaida, saboda yara."

Da zan tashi na gwada. Na ce, "Ubangidana dai ya tsufa, har yau wando ɗaya." Na tsaya ina jira. Ya ɗauki kifi uku manya ya naɗe a takarda, ya miƙo mini da hannu biyu kamar yadda ake sallamar baƙo. Ya ce, "A gaida gida, Malam. Allah shi kiyaye hanya."

An yi shaida gaban dattawa. Na kwashe injina, na rushe rumfar, rijiyar na bar musu. Bai zo ya duba ba, yaransa ma ba su zo ba. Wasu sun ce in roƙi sabon aro tunda gonar zaune take. Na ce a'a.

Kullum ta gefenta nake bi zuwa 'yar gonata ta gado. Ciyawar da ke ciki ta fi ta kowa tsawo da duhu, har ta rufe bakin rijiyar, don takin na nan a ƙasa. Ranar Juma'a nakan kira shi a waya mu gaisa. Yana ɗauka, yana amsawa da kyau, kuma har yanzu Malam yake ce mini.