Neman Mai Masauki a Jihar Masara

Mahaifina ya yi fatauci shekaru masu yawa kafin gwiwa ta zaunar da shi, kuma doka ɗaya ya ɗauko daga hanya ya kawo mana gida: ba a sauka gari sai da mai masauki. Lokacin da na samu gurbin karatun aikin gona a Guangzhou, bai tambayi sunan jami'ar ba. Cewa ya yi, hannun wa za ka sauka? Ya yi ta bin abokan kasuwancinsa a Kano har aka haɗa shi da wani dattijo ɗan Maraɗi mai shagon shadda da mayafai a wani bene da ke kan titin Huanshi Lu. Shi ya tare ni a filin jirgi. Tun daga ranar nake ce masa Baba.

Akwai dalilin da ya sa mahaifina ya matsa. Ina da sikila. A gidanmu ba a kiran sunanta, mahaifiyata cewa take yi jikinsa ne ya motsa, a rufe ƙofa a dafa ruwan zafi. Na taso da wannan ɓoyo har ya zame mini jiki. Shekara huɗu ina zaune da ɗalibai 'yan uwana Hausawa, muna cin tuwo kwano ɗaya, babu wanda ya sani. In na kwanta sai in ce zazzaɓi ne. Har laƙabin rago suka sa mini saboda ba na buga ƙwallo, na kuma karɓa da murna, don ya fi mini sauƙi a kira ni rago da a riƙa kallona da tausayi. Baba kaɗai ya sani, shi ma mahaifina ne ya gaya masa.

A shekarata ta biyu, wata rana da azahar cikin sanyin nan na Guangzhou mai haɗe da yayyafi, ciwon ya kama ni a ɗakina. Ƙafafuna yake fara ɗauka, kamar ana daka ƙasusuwan a turmi. Da ƙyar na latsa lambar Baba, ban iya cewa komai ba, numfashina kawai ya ji. Ya rufe shago ana tsakar ciniki, ya zo ya goya ni a baya daga hawa na huɗu, mutumin da furfura ta gama cinye masa gemu. Kwana uku yana zaune gefen gadon asibiti yana matsa mini ƙwauri. Wannan goyon nake tunawa duk lokacin da aka yi maganar tafiya wani wuri.

A shekarar ƙarshe na nemi karatun digiri na biyu a Amurka. Wani malaminmu da ya yi zama a can ya nuna mini wata jiha a tsakiyar ƙasar, ya ce in dai dawa da masara nake son sani, can zan nufa. Makarantu uku a jihar suka amsa mini. Ta farko babbar jami'ar jihar ce, mai suna, mai asibitin kanta. Ta biyu tana kan wani tudu kusa da iyaka, na cire ta tun da wuri don ba su damu da dawa ba. Ta uku ƙarama ce, a wani gari da ginin da ya fi kowane tsawo a cikinsa rumbun hatsi ne. An ba ni mako biyu in zaɓa.

Abokaina suka yi ta murna, kowa na cewa ai ba ma zaɓi a nan, babbar zan ɗauka. Ni kuwa tun ranar da takardun suka zo abinci ya daina shiga. Sai in zauna a ɗakin karatu in buɗe taswirar nan da ke nuna hotunan tituna, in yi ta tafiya da yatsa. Abin da nake nema zai ba wani dariya: mutum nake nema a bakin hanya, wanda in da ina wurin zan yi wa sallama. Na bi titi ya fi goma a garin babbar jami'ar, gidaje masu kyau, motoci a ƙofa, ba ko mai shara. Da na fita bayan gari sai gonaki, shimfiɗe har inda ido ya gaji. Na ga hotunan lokacin sanyinsu, ƙanƙara ta binne mota har gilashi. Ni da yayyafin Guangzhou ya kwantar, me wannan zai yi mini?

Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Na auna nisan ɗakunan ɗalibai zuwa asibiti a duka biyun, na sake aunawa. Na babbar ya fi kusa sosai, amma asibiti ba ya tashi da ƙafarsa ya zo ya ƙwanƙwasa maka ƙofa. Na san halina. In ciwon ya zo ba na kira, cije leɓe nake yi in ce zai wuce. Na riƙa ganin kaina a wani ɗaki mai ɗumi da tsabta, ƙofa a kulle, waya a kan tebur inda hannuna ba ya kaiwa, kwana ɗaya, kwana biyu, ba wanda ya san in bai gan ni ba ya kamata ya tambaya. Akwai wani tunanin da ke bayan wannan, wanda ko a zuciyata ba na yarda in ƙarasa shi.

Ranar Laraba na ɗauki takardun na tafi shagon Baba. Na same shi yana faɗa da wani Basine mai kawo masa kaya a kan launin da bai yi ba. Da ya sallame shi na shimfiɗa masa takardun a kan bandir ɗin shadda. Baba ba ya karanta Turanci. Ya juya su, ya duba hotunan gine-ginen, ya ture gefe.

"Wanga lakkwal da wanga, duk na gani," ya ce, makarantun yake nufi. "Wa gare ka can?"

"Meyo," na ce, kalmar da 'yan kasuwar garin ke faɗa in ba su da kaya. Na yi zaton zai yi dariya.

Bai yi ba. Ya ce, "To ba ka da wurin zuwa tukuna. Mu haɗu Juma'a."

Bayan an idar da salla a Masallacin Huaisheng mutanenmu kan tsaya a bakin titi a gaggaisa, 'yan Maraɗi da 'yan Yamai da 'yan Kano, har da ɗalibai. Nan Baba ya riƙe hannuna ya tara mutane. Ya sa na faɗi sunan jihar da garuruwan biyu, ya maimaita su yadda bakinsa ya iya. Ya ce yana neman wanda ke da wani a can. Har nan ban damu ba. Sai na ji ya ci gaba.

"Ku hwaɗa ma duk wanda kuka samu gaskiya. Ɗana ne, kuma sikila gare shi. Sanyi na kada shi. Ba mai neman baƙon kwana biyu nike nema ba, mai iya ɗaukar mara lahiya nike nema."

Ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Abokin ɗakina yana tsaye nan, da wasu uku da suka shekara huɗu suna kirana rago. Na ga yadda fuskokinsu suka canza, irin kallon da na ɓata ƙuruciyata ina gudu. Na zare hannuna. Da muka shiga wani lungu mu biyu, nan na kasa riƙe bakina.

"Baba, ka tona mini asiri. Shekara huɗu ina rufe abina."

"Ni ɗan kasuwa ne," ya ce, ko tsayawa bai yi ba. "In na ba mutum kaya da aibi ban hwaɗa mishi ba, na cuce shi. Kai kuma ba kaya ba ne, amana ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na yi fushi da shi kwana biyar. A cikin kwanakin abokin ɗakina bai ce mini uffan ba kan maganar, amma ya daina kunna na'urar sanyaya ɗaki, shi da ba ya iya barci sai da ita. Wannan ma haushi ya ba ni. Lokaci kuma yana ta tafiya, ga shi ba labari. Na aika wa Baba saƙo cewa na ga hoton masallaci a garin babbar jami'ar, akwai Musulmi da yawa. Ya amsa da murya cewa shi ba jama'a yake nema ba, mutum ɗaya yake nema wanda wani ya san ubansa.

Saura kwana uku wa'adin ya cika aka samu mutum. Wani ɗan Yamai mai sayen kayan babur yana da suruki direban babbar mota a Amurka. Direban ya san wani mutumin Damagaram da ke aiki a kamfanin nama, a wani gari da ke kusa da ƙaramar makarantar, ya daɗe a can da iyalinsa. A garin babbar jami'ar kuwa, duk tambayar da aka yi, ba a samu kowa ba.

Zuciyata ta faɗi da na ji haka. Ƙaramar ba ta da suna, asibitin da ke kusa da ita ma ƙarami ne. Idan na bi hankalina zan tafi inda likitoci suke, ba kowa. Idan na bi Baba zan tafi inda mutum yake, in yi ta addu'ar kada ciwon ya fi ƙarfin asibitinsu. Kowace hanya na duba tsoro nake gani a ƙarshenta.

Ranar Asabar da hantsi muka kira mutumin Damagaram ɗin daga shago, lokacin su magariba ta yi. Baba ya ajiye wayar a kan shadda ya buɗe murya. Sun yi gaisuwa mai tsawo, suka bi dangi har suka gano wani liman da dukansu suka taɓa yin salla a bayansa. Muryar mutumin a kwance take, ana jin ƙarar kwanuka a bayansa. Ya ce akwai mota, hanya ana share ta ko ƙanƙara ta zubo, matarsa kuma tana gida kullum. Sannan ya tambayi abin da ban zata ba.

"In abun ya taso mishi, mi ake yi kahin a kai shi likita?"

Baba ya gyara zama. Ya ce ruwa mai yawa, a rufe shi da bargo, a sa masa jakar ruwan zafi a ƙwauri, a matsa a hankali daga gwiwa zuwa ƙasa. Ya ce in ya yi waya bai yi magana ba, a taho kawai. "Kuma kar ka tambaye shi ko da ciwo," ya ce, "ƙarya zai maka. Ka dubi leɓenshi." Ina zaune kan kujerar roba ina jin ana karanta ni kamar takardar magani. Ban san ya lura da leɓen ba.

Daga nan Baba ya miƙo mini fulas ya ce in je ƙarshen baranda in ɗebo ruwan shayi. Na fita, na yi taku kaɗan, sai na ga murfin ba ya hannuna. Na juyo. Ina dab da labulen shagon na ji ya rage murya.

"Saura guda. Akwai maƙabartar Musulmi wajenku?"

Mutumin ya ce akwai, wani yanki ne aka ware musu a garin da ke gaba, kuma suna da masu wanka, shi ma yana ciki.

"To madalla," Baba ya ce. "Allah ya sa kar a buƙata."

Na tsaya bayan labule da fulas a hannu. Tambayar da na yi mako biyu ina kewaye ta ke nan, na auna tituna, na ƙirga nisan asibiti, duk don kada in kai gare ta. Na lallaɓa na koma na ɗebo ruwan a fulas ba murfi, na daɗe a wurin fiye da yadda ɗiban ruwa ke buƙata.

Da na dawo ya gama wayar, yana ninke wani mayafi da tun farko a ninke yake. Ya karɓi fulas ɗin ya yi mitar ruwan ya huce. Idanunsa sun yi ja, bai kalle ni ba.

"Ka ɗauki ƙaramar," ya ce. "Na tambaye shi komi, akwai."

"Komai, Baba?"

Sai a lokacin ya ɗago. Ya dubi fulas ɗin, ya dubi murfin da ke kan tebur, ya dube ni.

"Komi," ya ce.

A nan shagon na ciro wayata na buɗe shafin ƙaramar makarantar. Na latsa inda ake amincewa da gurbin.