Mai Rabon Ɗigo a Zauren Coci

A zauren cocin unguwarsu a birnin Detroit na Amurka, tsoho Cleavon ya zuba wa wata baƙuwa ido. Wata ƙungiya ce ta turo ta don ta tsara yadda za a magance talaucin unguwar. Kwat ɗinta na ulu mai tsada ne. Murmushinta a haƙora ya tsaya, kuma tana gyaɗa kai tun mutum bai buɗe baki ba. Da gani ba ta taɓa kwana da sanyi ba.

Ta manna takardu a bango: ilimi, sufuri, aikin yi. Tana raba 'yan ɗigon takarda masu gam, kowa ya liƙa kan abin da ya fi damunsa.

"'Yata," in ji Cleavon, "na'urar ɗumama gidanmu ta mutu, jikana sai tari yake. Ina zan liƙa?"

"Ayya, Baba, wannan matsalar mutum ɗaya ce. Yau saiwar talaucin muke tonowa."

"To saiwar ta zo ta lulluɓe yaron!" wata ta jefo daga baya.

Baƙuwar ta yi dariya, ta kama hannunsa, ta danna ɗigonsa kan sufuri.

"Juyo, Baba, za a ɗauke mu hoto."